Zinarena, Buhun Kuka da Tereza

Ku da kuke gunaguni a bayan idona wai na fifita yayarku ta Meiganga, na ba ta zinarena a ɓoye na bar ku da 'yan kunnen kasuwa, to yau ku buɗe kunnuwanku. Na ji duk abin da kuke faɗa, ai katangar gidan nan ba kauri gare ta ba. Kowa a cikinku ya tsinci guntun labarin ya riƙe, wani daga bakin Goggonku, wani daga matan unguwa, shi ya sa na ga gara in faɗe shi da bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa. Kuma ku sani ba yayarku ce uwar labarin ba. Tereza ce, matar da ta share gidan nan tun wasunku ba su iya ɗaura zane ba.

Zinaren da ake magana na mahaifiyata ne, ta sayo shi a Makka: sarƙa mai faɗi, da 'yan kunne, da awarwaro. Duk danginmu na Garwa, tun daga kakanninmu da suka zo fataucin goro suka zauna, babu macen da ba ta san shi ba, don babu bikin da bai halarta ba. Ba a wuyana ba fa, a wuyan Goggonku Dudu, yayar babanku. Allah ya ji ƙanta, mace ce mai son zumunci, amma ba ta san aro yana da ranar dawowa ba. Sai ta shigo da sallamarta mai tsawo, ta tambayi lafiyar kowa har kaji, sannan ta ce in ɗan ba ta "abin nan namu" ta je suna. Namu! In ya tafi sai na aika, na sake aikawa. Akwai lokacin da ya dawo maƙalarsa a lanƙwashe, an ɗaure da zaren lilo. Ni kuwa kun san ni da zafin rai, amma yayar miji ce, sai in haɗiye in ce ba komai, Yaya.

Tereza kuwa mutuniyar duwatsu ce, daga wajen Mokolo, Kirista. A kasuwa na fara saninta tana sayar da wake, da Hausarta ta kasuwa wadda take yayyafa wa Fillanci. Na ga hannunta da tsabta, bakinta kuma ba ya kwana-kwana, na ce ta zo ta riƙa taya ni aikin gida. Ta zo, ta zama 'yar gida. Shara, wanki, wanke-wanke, babu ɗakin da ba ta shiga, har nawa. In miyata ta yi gishiri a gabana take faɗa, in ɗayanku ya yi ƙarya ita ke fara kama shi. Ran Lahadi kaɗai ba ta zuwa, tana coci. Da yamma in za ta tafi takan rataya wata tsohuwar jakarta, kuma ni da kaina na ce mata duk sanda kayan miya suka yanke mata ta shiga sito ta ɗiba, ba sai ta tambaye ni ba.

A shekarar da nake ba ku labari an sayar da auduga da daraja, aljihun mutane ya yi nauyi, bukukuwa suka ɓarke ta ko'ina. Ana cikin haka aka aiko mini an yi rasuwa a danginmu na Mindif. Gaisuwar mutuwa ba a zuwa da ado, ga shi kuma in ba na nan Goggo ce ke riƙe makullin ɗakina, don ita ce babba. Na san in na bar zinaren a akwati, kafin in dawo ya zaga Garwa kaf. Sai dabara ta faɗo mini. Na ƙulle shi a tsumma, na shiga sito, na kwance ɗaya daga cikin 'yan buhunan garin kukar da na tanada, na tura ƙullin can ƙasa, na ɗaure bakin buhun kamar yadda yake. Na fito ina yaba wa kaina, ina cewa yau na ga ta inda Yaya Dudu za ta ɓullo. Ban gaya wa kowa ba.

Da na dawo, ko mayafi ban cire ba na wuce sito. Ga kuɓewa, ga yakuwa, ga sauran buhunan kuka, amma nawa mai zinare babu shi babu alamarsa. Na kwance sauran ɗaya bayan ɗaya, na zura hannu har gwiwar hannu, na fito kore shar kamar wadda ta faɗa tukunyar miya. A haka Goggo ta same ni a tsakar gida, ta zo yi mini sannu da hanya, kuma ta zo aron abin nan namu. Bakina ya riga hankalina, na ce mata ya ɓace. Ta dafe ƙirji ta ce a ina? To ku gaya mini, ta yaya zan dubi yayar mijina in ce a cikin garin kuka na binne shi don gudun aronki? Sai na ce a ɗaki. Da babanku ya dawo daga kasuwa ita ta tare shi da labarin tun daga zaure, ya tambaye ni a gabanta, na sake cewa a ɗaki. Ya girgiza kai ya ce Allah ya mayar da alheri. Daga nan maganar ta zauna a haka, na kasa janye ta.

Goggo ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce makullin ɗakin yana ƙugunta dare da rana, mutum ɗaya kawai ta buɗe wa ya yi shara, kuma ruwa ba ya tsami banza. Na ce mata zato zunubi ne, Yaya. Na faɗa da baki, amma kar in yi muku ƙarya, cikina ya riga ya fara nasa lissafin. Wa ke shiga sito in ba ni ba? Tereza. Wa na ba izinin ɗibar kayan miya? Tereza. Na ce a raina ƙila kuka ta yanke mata, ta ɗauki buhun gaba ɗaya, ta je gida ta tarar da abin da ya fi kuka, Shaiɗan ya rufe mata baki. Washegari na kira ta gefe, na tambaye ta ko ta ga wani buhun kuka. Ta ce ba ta taɓa ba, kukarta ma ba ta ƙare ba. Ta dube ni da mamaki ta ce, ana neman zinare ni kuma ina neman kuka? Na ce ta je ta ci gaba da aikinta. Babanku kuwa ko a mafarki ban kawo shi a rai ba. Mutumin da tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ƙafarsa a ƙofar sito ba, wanda bai san inda ake ajiye gishiri ba.

Ba wanda ya ce wa Tereza ɓarauniya a gabanta. Ai da an faɗa da ya fi sauƙi, da ta rama, don bakinta ya ishe ta. Abin da aka yi shi ne in ta shigo sai hira ta tsaya, in ta nufi ɗaki da tsintsiya sai Goggo ta miƙe ta bi ta wai tana neman carbinta. Goggo ta ce a kai ta wurin jandarma, na ce ba a gidana ba. Ta ce to a sa ta rantse, Tereza ta ji daga bakin rijiya, ta ce a bari ta ɗauko Littafinta ta dafa a gaban kowa. Na ce ba na son rantsuwar kowa. Ni a ganina kare ta nake yi, ashe barin maganar a rataye shi ya fi ci mata rai. Sai ta ɓullo da wani abu da ya hana ni sukuni. Kullum da yamma in za ta tafi, sai ta tsaya a tsakiyar gida, ta zazzage jakarta a ƙasa, ta kwance ɗankwali ta kakkaɓe, ta sake ɗaurawa, ta kwashe tarkacenta, ta ce sai gobe, Hajja. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce wa ya sa ki? Ta ce ba kowa. Gobe ma ta sake.

Maganar da ta shiga bakin Goggo kuwa kamar an zuba ruwa a kwando ne. Duk gidan bikin da ta je ba zinare a wuya, sai an tambaye ta, ita kuma sai ta bayar da labari har da ƙari. Akwai gidaje a layinmu da Tereza ke yi wa wanki in ta gama da namu, da shi take biya wa 'ya'yanta kuɗin lekol, wato makarantar boko. Ɗaya bayan ɗaya suka ce mata sun samu wata. Ran nan da safe ta zo, ba ta ɗauki tsintsiya ba, ta tsaya a bakin ƙofata.

"Hajja, na zo sallama. Zinarenki zai iya dawowa, ko ki sayi wani. Ni suna ɗaya gare ni, kuma da shi nake cin abinci."

Na ce ta zauna mu yi magana, ta ce maganar ai an gama ta a unguwa. Ta tafi. Na ji ta koma sayar da wake, na kuma ji cewa in ta ratsa cikin mata a kasuwa har da masu dafe bakin zanensu. Abin ya dame ni ƙwarai, na rame, abinci ya daina yi mini daɗi. Ina kewarta, kuma ina zarginta, duka biyun a ciki ɗaya. Gidan ma ya nuna, don 'yan aikin da aka kawo bayanta babu wadda ta daɗe, wata ma ta wanke mini farin leshi tare da jan atamfa.

Haka aka tafi har damina ta sauka, kogin Binuwai ya cika, matar yayanku Habibu ta haihu. Ranar suna gida ya cika maƙil da mata, ana ta sauke tukwane, Goggo na zaune a tsakiya tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Sai aka ce ga mutanen Meiganga sun iso. Yayarku ta yi sallama ta shigo, ta yaye mayafi don zafi, sai ga sarƙar mahaifiyata shimfiɗe a ƙirjinta, 'yan kunnen na lilo, awarwaron na ƙara. Wallahi ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ta saba, ta gaishe ni kanta a ƙasa, tana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Goggo ce ta riga ni amsawa, da salati. Ta ce ke, ina kika samo zinaren da aka sace?

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita, a hannun kakarta ta tashi, kuma ko abu zan ba ta sai dai in ba wani ya miƙa mata. Haka aka yi mini, haka na yi. To yayarku da ta ji kalmar sata sai ta rikice, ta fara bayani. Ta ce direban motar shanu ne ya kawo mata tsaraba, kifi banda da kuɓewa da buhun kuka, ya ce in ji mahaifiyarta. Da ta ci kukar ta kai ƙasa sai ta tarar da ƙulli. Ta ce ta zauna ta yi kuka har maƙwabta suka shigo, don ta ɗauka irin kyautata ce, na ji nauyin ba ta hannu da hannu shi ya sa na binne a ciki. Ba ta yi godiya ba kuwa don ta san in ta ɗaga maganar za ta ba ni kunya. Ta bari sai ranar taro ta saka, in gani da idona, shi ne godiyarta.

Goggo ta juyo gare ni a hankali, ta ce zinaren da ya ɓace a ɗaki, me ya kai shi cikin kuka? To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ni na sa shi, Yaya. Ta ce don me? Na ce don ya huta da zuwa biki. Wata tsohuwa a bayana ta fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama ko'ina, har masu tuƙa tuwo suka saki muciya. Goggo ta miƙe tana neman takalmanta tana cewa yau ta ga abin da ya isa, ashe ita ce ɓarauniyar da ake ɓoye wa kaya. Ana cikin wannan na hangi yayarku ta sunkuyar da kai, ta kai hannu bayan wuya tana lalubar maƙala, murmushin nan ya tafi. Ban san sanda na daka mata tsawa ba.

"Wa ya ce ki cire? Bar shi inda yake. Naki ne."

Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata a gaban mutane, kuma har yau ban yi nadama ba. To kun ji yadda aka yi ta samu, ba a ɓoye ba, a gaban rabin matan Garwa.

Saura tambaya ɗaya: wa ya ba direba buhun? Aka aika zaure aka kira babanku, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula. Da ya ji abin da ake tambaya sai ya kama tari. Ashe ina Mindif ya ji wani direba abokin cinikinsa zai wuce Meiganga, kewar 'yarsa ta kama shi, shi kuma ɗan fari ai ba a nuna masa so. Sai ya faki idon mutane ya lallaɓa sito, ya kwashi abin da hannunsa ya kai, ya ce wa direba ya ce daga uwarta ne. Da aka yi ta cigiyar zinare bai ga abin da ya haɗa shi da kuka ba, tunda an ce masa a ɗaki ya ɓace. Ya gama bayani, ya dubi sama ya ce kamar lokacin salla ya yi, ya fice. Ko azahar ba ta kusa ba.

Ana ta dariya, ni kuwa sai na tuna wadda ba ta cikin taron. Ban jira an watse ba. Na bar baƙi da tuwonsu, na ja mayafi, na tare ɗan moto, mai babur ɗin haya, ni da ban taɓa yarda na hau ba, na ce ya kai ni unguwar su Tereza can bayan gari. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Na kwashe labarin kaf na gaya mata, tun daga aron Goggo har tarin babanku. Da na zo wurin Alhaji babanku yana sanɗa a sito da buhu a hammata, sai ta tuntsire da dariya, ta riƙe ciki, waken ya zube, ta ce Alhajin da ko ƙofar siton bai sani ba? Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, ta huce. Ta share hawayen dariya da bakin zane, sannan ta dube ni.

"Hajja, ke kin ji kunyar Goggo. Alhaji ya ji kunyar 'yarsa. 'Yar ta ji kunyarki. Duk gidan kowa na jin kunyar wani. Ni ce kaɗai ba wanda ya ji kunyata."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, don gaskiya ce. Na ce ki yafe mini, Tereza, ki faɗi abin da kike so in yi. Na ɗauka za ta ce atamfa, ko ƙarin albashi. Ta ce ba ta son komai, sunanta kawai za a mayar mata, kuma a inda aka zubar da shi za a je a kwaso.

Haka kuwa aka yi. Washegari na je gidan Goggo, na durƙusa na ba ta haƙuri a kan nawa laifin, sannan na ce ta ɗauko mayafi, bakin da ya kai maganar shi zai je ya dawo da ita. Ta yi ta faɗa, ta ce ita da girmanta, amma ta fito, don duk surutunta tana tsoron haƙƙi. Muka bi layinmu gida-gida, Tereza a gaba, mu a baya cikin rana. Kowane gida sai na maimaita cewa ni na binne zinarena a kuka, mijina ya aika da shi Meiganga, matar nan ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba. Aka yi mana dariya har muka saba, Goggo ma daga baya ita ta karɓe ba da labarin, tana ƙara masa gishiri. Muka ƙare a kasuwa, a layin masu wake, na faɗa da ƙarfi yadda na kusa da na nesa za su ji. Goggo ta yi fushi da ni har bayan Babbar Salla, kuma ba ta sake aron ko tsinke a hannuna ba. Zinare kuma ya tafi Meiganga ya zauna.

Tereza ta dawo aiki, ta zauna da mu har ƙarfinta ya ƙare, 'ya'yanta suka mayar da ita gida can cikin duwatsu. Tana nan da ranta, takan sauko Garwa ganin likita. Saboda haka ku bar ƙorafin zinare, ba shi ne bashin da ke kan gidan nan ba. Duk wanda ya gamu da Tereza a cikinku, ko a tsakiyar kasuwa ne, ko da wa yake tare, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta yadda mutane za su gani.